Kyamarar ƙofar gida: abin da ta yi mana da abin da ya fi ƙarfinta

Tambayar da aka fi yi mini a kan kyamarar nan da ke haɗe da ƙararrawar ƙofarmu ita ce ko tana hana mugu shigowa. Matan da muke haɗuwa da su a masallaci nan Houston ta Amurka sun tambaye ni, 'yan uwa na gida da suka ga bidiyonta a wayata su ma sun tambaya. Amsata ita ce ta cancanci kuɗinta, kuma da za ta lalace gobe sai na sayi wata. Amma shaida ce, ba maigadi ba ce. Wanda ya saye ta da niyyar ta tsare masa iyali ya ɗora mata kayan da ba za ta iya ɗauka ba. Kafin in shiga bayanin aikinta sai na faɗi abin da ya kai mu ga sayenta, don ba tsoron ɓarayi ba ne.

A daren Juma'a 28 ga Afrilu 2023, a wata unguwa ta bayan gari kusa da Cleveland a jihar Texas, kimanin kilomita 70 arewa da Houston, wani mutum mai suna Francisco Oropesa, ɗan shekara 38, yana ta harba bindiga a farfajiyar gidansa. A irin unguwannin nan na wajen gari ba baƙon abu ba ne mutum ya riƙa harbi a filinsa don nishaɗi. Maƙwabtansa, wasu iyali 'yan asalin Honduras, suka je bakin shinge suka roƙe shi ya matsa nesa kaɗan saboda jaririnsu ya kasa barci. Ya ce musu gidansa ne, zai yi abin da ya ga dama. Ba a jima ba sai ga shi ya doso gidansu da bindiga ƙirar AR-15. Ya kashe mutum biyar: mata uku, da saurayi ɗan shekara 18, da yaro ɗan shekara 9. Biyu daga cikin matan an tarar da su kife a kan ƙananan yara, sun kare su da jikinsu, yaran kuma sun rayu. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Har yau in na tuna matan nan biyu sai gabana ya faɗi, don na san kowace uwa ta gane abin da suka yi.

Mutumin ya gudu cikin daren. Mu kuwa gidanmu yana arewacin Houston, ba nisa da babbar hanya mai lamba 59, wadda ita ce ke miƙewa zuwa Cleveland. Maigidana direban babbar mota ne, yakan yi kwanaki a hanya, kuma wannan ƙarshen makon yana can wata jiha. Daga ni sai yara sai surukata Hajiya, wadda ta zo mana ziyara daga gida. Jami'ai sama da 250 aka baza neman mutumin, da karnuka masu bin sawu, da dawakai, da jirage marasa matuƙa. Sun tsinci wayarsa da wasu tufafinsa a daji, daga nan karnukan suka rasa ƙanshinsa. Ranar Lahadi babban jami'in FBI, hukumar binciken manyan laifuka ta Amurka, reshen Houston, ya fito ya ce ba su da ko alama ɗaya ta inda yake. Aka sa ladan dala 80,000 ga duk wanda ya ba da labarin da zai kai ga kama shi. FBI ma sun fara fitar da hoton wani mutum daban bisa kuskure kafin su gyara. Ranar Litinin aka yi ta jin an gan shi a gundumar Montgomery, har aka kulle wasu makarantu na ɗan lokaci. A waɗannan kwanaki ko kare ya yi haushi a layinmu sai in tashi in leƙa ta labule, Hajiya kuwa carbi bai bar hannunta ba.

Akwai abu ɗaya a cikin labarin da na riƙe tun kafin in je ko'ina neman kyamara. Shugaban 'yan sandan gundumar San Jacinto inda aka yi kisan, Sherif Greg Capers a wancan lokaci, ya ce suna da bidiyon da ya nuna mutumin yana tunkarar ƙofar gidan da bindiga a hannu. Wato tun daren farko an san ko wane ne, an san fuskarsa, an san gidansa. Bidiyon ya yi aikinsa na shaida. Bai ceci ko rai ɗaya ba, kuma duk da shi sai da aka kwana huɗu ana nemansa ruwa a jallo.

To me ya sa na sayi kyamara bayan na ga haka? Saboda wani abu da maigidan da aka kashe wa mata da ɗa ya gaya wa 'yan jarida. Ya ce da suka hango mutumin yana zuwa, matarsa ta ce masa ya shige ciki, ita ba zai harbe ta ba tunda mace ce. Ta tsaya a bakin ƙofa, ita ya fara harbi. Wallahi ban ga laifinta ba, da ni ce abin da zan yi ke nan, don mu ma haka muka taso, ana ganin namiji zai ji kunyar ɗaga wa mace hannu. Abin da nake nema shi ne hanyar da zan ga mai zuwa, in yi masa magana, ba tare da na tsaya a bayan ƙofa ba balle in buɗe ta. Wannan aikin kyamarar tana yin sa, kuma a kansa nake auna ta.

Tamu daga wani ƙaramin kamfanin tsaro na nan yankin muka same ta, irin waɗanda ke sayar da kyamarar, su zo su kafa, sannan su sayar wa mutum hidimar sa ido da ake biya duk wata. Kyamarar kanta dala 100 da ɗoriya ce. Ma'aikacinsu ya zo a kan lokaci, ya cire tsohuwar ƙararrawa, ya ɗaura sabuwar a tsayin da bai wuce mita ɗaya da 'yan kai ba. Na tambaye shi ko ba ta yi ƙasa ba, ya ce a nan ne take kama fuskar babba da ta yaro da kayan da aka ajiye a ƙasa, kuma gaskiyarsa ne. Ya sa mini manhajar a waya, ya sa wa maigida tasa da ya dawo, ya tsaya har na iya sarrafa ta da kaina. Ta fuskar kafawa ba ni da ƙorafi ko kaɗan.

Da rana hotonta tangaran ne. Ƙarfinsa 1080 ne a ma'aunin kyawun hoto, ana gane fuska sarai in mutum ya zo kusa, ana ganin launin rigarsa da motar da ya sauko daga ciki. Idonta mai faɗi ne, yana ɗaukar baranda gaba ɗaya har zuwa bakin titi, sai dai duk abin da ke gefe yakan lanƙwashe, fuskar wanda ya raɓe jikin bango ba ta fita yadda ya kamata. Sauti ma yana fita sosai, har hirar masu wucewa takan ɗauko, abin da zan dawo kansa.

Amfaninta na yau da kullum ya fi yadda na zata. In aka danna ƙararrawa ina kicin ko ban ɗaura hijabi ba, sai in duba waya in ga ko mace ce ko namiji, ko mai kawo saƙo ne da zan ce masa ya ajiye ya tafi. Yara in sun riga ni dawowa gida ina ganin shigarsu, kuma an kafa musu doka cewa ba mai buɗe wa kowa, ni zan amsa daga duk inda nake. Maigida yana can wata jiha yana hutawa a tashar manyan motoci, sai ya kira ni ya ce, "Maman yara, wane ne wancan da ya tsaya a gaban gida da farar mota?" In ce masa mai gyaran fanfon maƙwabta ne. Wannan kaɗai ya rage masa damuwar da yake tafiya da ita.

Wani dare, bayan sha ɗaya, wani mutum ya zo yana buga ƙofa da ƙarfi. Ban motsa daga ɗakin yara ba. Na buɗe manhajar na ga matashi ne riƙe da ledar abinci yana duba wayarsa. Na yi masa magana ta lasifikar kyamarar, ashe lambar gida ya ɓata, na faɗa masa layin da yake nema ya yi godiya ya wuce. Na daɗe ina tunanin wannan daren, saboda a watan Afrilun da aka yi kisan Cleveland ne wani yaro baƙar fata ɗan shekara 16 ya danna ƙararrawar gidan da ba shi aka aike shi ba a Kansas City, maigidan ya harbe shi ta ƙofa. Allah ya sa da sauran kwanansa. A ƙasar da tsoro ya yi yawa kuma bindiga take a gidaje da dama, abin da zai sa na ciki ya ga na waje kafin kowa ya firgita yana kare su duka biyun. Yarana ma wata rana su ne za su tsaya a ƙofar wani.

Yanzu ga inda take da rauni, kuma a nan zan daɗe, don shi ne abin da mai sayarwa ba zai zauna ya yi wa mutum bayani ba.

Babbar matsalarta jinkiri ne. Kyamarar da ke aiki da batir barci take yi don ta adana wuta, sai ta ji motsi ta farka. Abin da ke tashinta ɗumin jikin da ya gitta ne, kuma ta fi saurin jin wanda ya ratsa daga gefe zuwa gefe fiye da wanda ya miƙo kai tsaye zuwa gare ta. To mai nufin ƙofarka kuwa kai tsaye yake zuwa. In ta farka sai ta aika saƙo ta waifai ɗin gida zuwa na'urorin kamfanin, su kuma su turo wa wayarka, kai kuma ka ɗauki waya, ka buɗe ta, ka jira bidiyo ya hau. Mun gwada da maigida: ya taho daga bakin titi da tafiyarsa ta kullum, ni ina falo da waya a hannu ina jira. Kafin hoto ya fito mini ya riga ya kama hannun ƙofa. Wannan fa ina zaune ina jira ke nan, ba ina barci ba, ba wayar tana caji a wani ɗaki ba. Duk wanda ke tunanin saƙon kyamara zai ba shi damar tattara yara ya ɓoye su, ya yi wannan gwajin a gidansa kafin ya dogara da ita.

Sannan ga yawan kuka. Makon farko mota in ta wuce sai waya ta yi ƙara, kyanwar maƙwabta ma haka, har reshen bishiya in iska ta kaɗa shi da rana tsaka. Hajiya ce ta kira ni wata safiya ta ce, "'Yar nan, ku gyara abin nan. In ya cika kuka, ranar da ya yi na gaskiya ba wanda zai tashi." Na ce, "To Hajiya, in sha Allahu yau za a gyara." Maganarta dutse ce, don ni kaina na fara share saƙonnin ba tare da na duba ba. A cikin manhajar akwai inda ake zana iyakar wurin da za ta lura da shi. Na cire titi, na bar baranda da hanyar shigowa kawai, na kuma zaɓi ta riƙa sanar da ni mutane kaɗai. Kukan ya ragu sosai. Amma cire titi na nufin ta ƙara makara wajen ganin mai zuwa. Dole mutum ya zaɓi ɗaya, ko ta dame shi ko ta makara, ban ga saitin da ya raba wannan gardama ba.

Da dare hoton baƙi da fari ne. In mutum ya matso sosai hasken da take amfani da shi yakan wanke fuskarsa ta yi fari fat, in ya yi nisa kuma sai ka ga inuwa kawai. Lambar mota ba ta karantuwa, ƙyalli take yi. Abin da ya gyara mana wannan ba wani abu mai tsada ba ne, ƙwan fitila muka sa a baranda wanda ke kunna kansa da magariba ya kashe da asuba. Da haske a wurin kyamarar takan ci gaba da ɗaukar hoto mai launi, fuska kuma ta fito.

Batir ma ya ba mu wahala. Zafin Houston ba ya raga wa batir, ga ƙofarmu tana kallon yamma, rana na dukanta tun daga azahar. Lokacin da aka rubuta a kwali cewa zai kai kafin a sake caji bai taɓa cika ba, kuma duk sa'o'in da yake caji ƙofar a makance take. Daga baya muka sa aka haɗa ta da wayar tsohuwar ƙararrawa, wadda ke ba da ƙaramar wuta tsakanin bolt 16 zuwa 24. Tun daga nan muka huta da cire batir. Wanda gidansa ke da wannan wayar ya nemi kyamarar da ke aiki da wuta kai tsaye tun farko, don ita ba ta barci, tana riƙe da 'yan daƙiƙun da suka gabaci motsin, waɗanda sau da yawa su ne masu muhimmanci.

Ranar 8 ga Yuli 2024 guguwar Beryl ta afka wa Houston, gidaje da shaguna sama da miliyan 2 suka rasa wuta, wasu har fiye da mako. Unguwarmu ta yi duhu, fitilun titi a kashe, shi ne lokacin da na fi bukatar kyamarar. Batirinta da sauran caji, amma na'urar waifai ta mutu tare da wutar, ita kuma ba ta da inda take ajiye bidiyo in ba a rumbun kamfanin da ke intanet ba. Ba ta ɗauki komai ba tsawon kwanakin. Bayan haka muka sayi ƙaramin batirin da ke riƙe na'urar waifai na 'yan sa'o'i. Da zan sake saye yau, wadda ke da gurbin katin ajiya a jikinta zan nema, ta yadda ko intanet ya yanke tana ɗauka.

Hidimar sa ido kuwa, ita ce ban ga ta cancanci kuɗinta ba. Lokacin da aka tallata mana ita na ɗauka akwai wani zaune yana kallon ƙofarmu dare da rana. Ba haka ba ne. In ƙararrawar gida ta tashi, ma'aikacinsu zai kira lambata ya tambayi kalmar sirri. In ban ɗauka ba ya kira maigida. Sai bayan nan ya kira 'yan sanda, ta layin da ni ma zan iya kira da kaina ba tare da ɗan aike ba. Ga shi a birnin Houston da gundumar Harris sai mutum ya yanki lasisin ƙararrawa, kuma in ta yawaita tashi a banza tara ce. Tunda galibin irin waɗannan kiraye-kirayen na ƙarya ne, ba su ake sa wa a gaba ba kamar kiran mutumin da ke cewa ga mai bindiga a ƙofata. Yarjejeniyar kuma mai sabunta kanta ce in ba a rubuta musu a kan lokaci ba. Da wa'adinta ya cika muka fita, muka bar kuɗin ajiye bidiyo kawai, 'yan daloli ne a wata. Wannan kam a biya shi, don in babu shi kallon kai tsaye kawai za ka yi, abin da ya wuce ya wuce.

Ko kiran 911 ɗin ma, lambar neman agajin gaggawa, sai mutum ya san inda yake zaune. Maigidan nan na Cleveland ya ce sau biyar suka kira tun mutumin yana harbi a filinsa, ana ce musu ga jami'ai nan tafe. Sherif Capers ya ce jami'ai uku kacal gare shi a bakin aiki a wannan daren, suna kula da faɗin ƙasa mai murabba'in mil 700, wato kusan murabba'in kilomita 1,800. Daga baya binciken kamfanin dillancin labarai na AP ya gano cewa lokacin da jami'an suka ɗauka kafin su iso ya kusa ninka abin da Sherif ɗin ya fara faɗa sau huɗu. Mutanenmu da yawa suna komawa bayan gari saboda arahar fili da gida, ni ma ina sha'awar hakan. Amma kafin a biya kuɗin gida a tambayi maƙwabta wa ke zuwa in an kira, daga ina yake tasowa, kuma minti nawa yake yi. Babu kyamarar da ke rage wannan tazarar.

Akwai kuma batun sirri, wanda ya dame ni fiye da yadda ya dami maigida. Bidiyon yarana suna fita makaranta, da na baƙina, da hirar da na yi a baranda, duk suna ajiye a na'urorin wasu mutane da ban sani ba. Manyan kamfanonin ma an kama su da sakaci. A watan Mayu 2023 hukumar kula da kasuwanci ta Amurka, FTC, ta sa kamfanin Ring, mallakin Amazon, ya biya dala miliyan 5.8 bisa zargin cewa ma'aikatansa sun samu damar kallon bidiyon mutane, har na ɗakunan kwana. A watan Fabrairu 2024 kamfanin Wyze ya amsa cewa masu amfani da kyamarorinsa kimanin 13,000 sun ga hotunan gidajen da ba nasu ba. Saboda haka na ƙi yarda a sa ko ɗaya a cikin gida, duk da ragin da aka yi mana. Ta waje kawai, da kalmar sirri mai ƙarfi, da tsarin da ke turo lamba a waya kafin a shiga. Na kuma karkatar da ita yadda ba ta leƙa tagar maƙwabta, na gaya musu tana ɗaukar sauti. Haƙƙin maƙwabtaka bai faɗi ba don mun sayi na'ura.

Abin da ya fi ba ni kwanciyar hankali a duk kuɗin da muka kashe shi ne mafi araha. Wani kafinta ya zo gyaran kabad, na roƙe shi ya duba ƙofar gaba. Ya kwance ƙarfen da sakata ke shiga a jikin firam ya nuna mini notunan da ke riƙe da shi, ko inci ɗaya ba su kai ba, a siririn katako kawai suka tsaya. Ya ce shi ya sa ƙofa ke ɓallewa da shuri ɗaya, ba makullin ke karyewa ba, katakon ke tsagewa. Ya sa masu inci 3 da ke shiga har cikin ginshiƙin bango, ya ƙara doguwar farantin ƙarfe, ya yi haka a maratayan ƙofar ma. Ƙofa ba za ta tare harsashi ba, amma mai ƙarfi tana cinye wa mai shigowa lokaci, ta ba na ciki damar fita ta baya ko shigewa ɗaki su kulle. Da kuɗin abu ɗaya ne da ni, da ƙofar zan fara.

Ranar Talata 2 ga Mayu 2023 aka kama Oropesa a garin Cut and Shoot, kusa da Conroe, abin da bai wuce kilomita 30 da 'yan kai daga inda ya yi kisan ba. An same shi ɓoye a kabad ɗin kaya, ƙarƙashin tulin wanki. Wani ne ya kira layin FBI da misalin ƙarfe 5:15 na yamma, zuwa 6:30 yana hannu. Bayan karnuka da dawakai da jirage da bidiyo, kiran mutum ɗaya ne ya kawo ƙarshen farautar. An kuma kama abokiyar zamansa bisa zargin ta taimaka masa ya ɓuya. A watan Janairu 2025 ya amsa laifinsa, aka yanke masa ɗaurin rai da rai ba tare da damar fita ba.

Wani abu ya sosa mini rai a tsakiyar farautar. Gwamnan Texas, Greg Abbott, a sanarwar da ya yi ta sa lada, ya kira mamatan baƙin haure, ana tsaka da makokinsu. Daga baya ofishinsa ya nuna nadama da aka gano cewa aƙalla ɗaya daga cikinsu tana iya kasancewa da takardun zama. Shi maharin ɗan Meksiko ne da aka taɓa mayarwa ƙasarsa sau huɗu tsakanin 2009 da 2016, wannan kam abin tambaya ne ga hukuma. Amma yaro ɗan shekara 9 da aka kashe a gidansu, me ya haɗa shi da takarda? Irin wannan magana ce ke sa baƙo ya ji tsoron kiran 'yan sanda ko da ya ga abu, alhali kiran ne ake bukata.

Shi ya sa bayan kyamara da ƙofa na ɗauki farantin abinci na zaga maƙwabta, abin da na yi shekaru ina jinkirtawa. Yanzu ina da lambar gidan da ke damanmu da na hagu da na tsallaken titi, su ma suna da tawa. Tsohuwar da ke kallonmu, 'yar asalin Meksiko ce, ta san ranakun da maigida ba ya nan, kuma ta taɓa kirana don ta ga ƙofar gareji a buɗe da dare, wurin da kyamarar ba ta kaiwa. Mun kuma yi wata doka a gida wadda ta yi wa maigida nauyi, don a tarbiyyarmu in maƙwabci ya dame ka zuwa kake yi ka yi masa sallama ku yi magana, kai ƙara kuwa abin kunya ne. Mun yarda cewa in harbi ne, ko mutum ya sha ya bugu, ba mai fita yi masa magana. A kira daga ciki, a janye yara daga tagogi. Iyalin Cleveland ba su yi komai ba sai abin da kowane mutumin kirki zai yi, kuma an ce mutumin yana shan giya a daren. A jihar da tun 1 ga Satumba 2021 mafi yawan manya ke iya ɗaukar ƙaramar bindiga ba tare da lasisi ba, ba ka san abin da ke hannun wanda za ka yi wa magana ba.

'Yan uwa na gida da ke cewa in aiko musu da irinta, ban ba ku shawara ba. Rayuwarta ta dogara da wutar da ba ta yankewa da intanet mai ƙarfi, ga kuɗin wata da dala. Ku nemi mai faranti na hasken rana, mai cin layin waya, mai katin ajiya a jikinta. Na nan kuwa, in za ku saya, ku ɗauki mai haɗawa da wuta, ku sa fitila a baranda, ku biya kuɗin ajiye bidiyo, ku bar hidimar sa ido sai dai in gidan yakan daɗe ba kowa a ciki. Kuma kafin ku sa hannu a kowace takarda ku sa mai sayarwa ya nuna muku a rubuce tsawon yarjejeniyar, da abin da za ku biya in kun fita kafin wa'adi, da kwana nawa bidiyo ke yi a ajiye kafin a goge shi.